Wanda Ya Sallamar Mini Ɗan Wasa

Ina zaune a motar otal a bakin tashar Metro ta Greenbelt, ina jiran baƙi su fito daga jirgin ƙasa, na buɗe waya na tarar babu mai gemu, ɗan wasan da na fi so, a ƙungiyata ta wasan waya. Da farko na zargi idona. Har yanzu idan na yi wa karatu gaggawa haruffa sukan hau kan juna, don haka na ɗora yatsa a kan gilashin na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, na sake hawowa. Babu shi. A gurbinsa an sa wani suna mai tsawo wanda ban taɓa haɗuwa da shi ba. Wata mata ta ƙwanƙwasa tagar motar da akwati a hannu, na fita na buɗe mata baya, na yi mata murmushin aiki, amma hankalina yana kan wayar.

Wasan ga yadda yake. Mu goma ne, kowa yana da ƙungiyar besbol, wasan nan na jefa ƙwallo a buge ta da sanda, a cikin waya. 'Yan wasan mutane ne na gaske, suna can suna buga wa ƙungiyoyinsu na gaske, ba su ma san da mu ba. Kai dai ka zaɓe su a farkon kakar wasa, kullum kuma ka yanke wa zai shiga fili, wa zai zauna a benci. Abin da mutum ya yi a filin gaske shi ake rubuta maka a matsayin maki. In ka gaji da wani sai ka sallame shi ka ɗauko wani daga cikin waɗanda ba su da ubangida, amma da zarar ka sake shi kowa yana iya ɗauka. Mutanen ƙasar nan fantasi suke ce masa. Namu ba na caca ba ne, tun farko aka yanke haka. Wanda ya zo na ƙarshe dai shi zai tsaya gaban wuta ya gasa wa sauran nama.

Ni ban yi boko ba. A tashar mota na girma, a Funtuwa, na san kukan injin da ke neman baƙin mai tun kafin in san bambancin harafi da harafi. Aure ne ya kawo ni Maryland, domin yayan matata ya daɗe a nan, mai harhaɗa magunguna ne, gidansa yana College Park. Shi ya tarbe mu, shi ya samo mana gidan haya, shi ya kai ni inda na sami aikin tuƙi. Matata tana karatu daidai gwargwado, amma in takarda ta zo da hatimi sai ta ce a kai wa Yaya. Sakamakon awon jinina ma a falonsa na fara jinsa, yana karantawa da ƙarfi, matarsa tana jera kofuna. Ni ma Yaya nake ce masa. Ban taɓa kama sunansa ba, ba na miƙe ƙafa a gabansa, in ya yi magana ba na cewa a'a, sai dai in ce to. Haka aka koya mini zama da yayan mata, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba sai bana.

Besbol kuwa ta kunne ya shige ni. Aikin motar otal rabinsa jira ne, kuma daga Afrilu har Satumba kusan kullum akwai wasa a rediyo. Na yi shekaru ina ji ban gane komai ba, sai a hankali na fara sanin wane ne mai jifa, wane ne mai bugu, me ya sa fili ya yi tsit, me ya sa ya ɓarke da ihu. Wasa ne da ba a yi masa gaggawa. Mutum yana iya kwashe mako bai yi abin kirki ba, mai sharhi ya ce a bar shi, zai dawo. Wannan ya dace da halina.

Bayan na haura arba'in na shiga ajin manya da ake yi da yamma a wani ɗaki na laburare. Malamarmu tsohuwa ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati. In ka maƙale a kan kalma ba ta karɓe ta daga bakinka, sai ta naɗe hannu ta jira. Turanci take koya mana, amma da haruffan suka zauna mini sai na ga Hausa ta fi saurin kamuwa, ga shi da ita nake rubuta wannan. Wata rana ta ce kowa ya nemi abin da yake ƙishirwar sani ya riƙa karantawa, ba sai littafin aji ba.

A daidai lokacin ne ɗaya daga cikin masu gasar fantasin nan ya koma Texas da iyalinsa, gurbi ya buɗe. Yaya shi ne kwamishina, haka suke kiran mai kula da gasar. Muna gidansa ranar Lahadi ya dube ni ya ce, "Kai da kake wuni da rediyo, ga ƙungiya babu mai ita. Za ka riƙe?"

Na ce to.

Akwai wani likitan haƙori a cikinsu, sa'ana, mutumin Zariya, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Direba zai ja ƙungiya? Allah ya kiyaye hanya. Malam, nan fa babu birki."

Na ce, "Likita, kai dai ka ɗaura bel."

Aka yi dariya. Yaya ya karɓi wayata ya saka manhajar. Da yake ba ni da imel a lokacin, sai ya buɗe da nasa, ya zaɓi kalmar sirri, ya miƙo mini wayar. Na gode masa. Ban ga komai a ciki ba, haka muka saba.

Ranar zaɓen 'yan wasa da kunnena na yi zaɓe. Sunayen da na sani a baki su na riƙa nema a rubuce, wani lokaci agogo ya kusa cinye ni kafin in gano suna. Wanda na fi so shi ne mai gemu, wani ɗan ƙasar Dominika da ya fara manyanta. Na daɗe ina jin labarinsa a rediyo: ba ya son sanyi. Duk Afrilu haka yake, kamar an ɗaure masa hannu, sai zafi ya sauka sannan ya farka. Ni ma na san abin da sanyin garin nan yake yi wa gaɓoɓin wanda ya taso a rana.

A ƙarƙashin sunan kowane ɗan wasa akwai ɗan bayani da ake sabuntawa, layi biyu ko uku: wane ya ji ciwo a kafaɗa, wane an ba shi hutu, wane zai yi jifa gobe. Wannan ya zama littafina. Abin da Yaya zai haɗiye da kallo ɗaya, ni sai jirgi ya zo ya tafi, wani ya zo, ban gama ba. Kalmar da ta gagare ni in kwafe ta a bayan hannuna da biro in kai wa malama. Ta haka na san yadda ake kiran jijiyar bayan cinya da Turanci, na san kalmomin da suke sawa idan ba su da tabbas. In na gama karantawa sai in yanke: wannan ya shiga, wannan ya zauna. Ban taɓa karanta abu da kaina sannan in yanke hukunci a kansa ba sai a wasan nan. Wanda ya yi makaranta tun yana ƙarami ba zai gane daɗin ba, ban kuma sa ran ya gane ba.

Mai gemu kuwa ya yi abin da ya saba. Ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, ƙwallo tana wuce shi. Ƙungiyata ta gangara ta zama ta tara a cikin goma. Likita ya turo murya a zauren wayarmu: "Direba, fasinjan nan naka ya yi barci, tashe shi an iso." Na ce masa a ƙyale shi, ba a zo tasharsa ba. Ban damu ba ko kaɗan. Na san abin da nake jira.

Sai ga ranar nan a bakin tasha.

Na kai matar nan otal na dawo ina ta tuhumar yatsuna, ko na danna wani abu ban sani ba. Kafin azahar saƙon murya ya shigo daga Yaya. Muryarsa a sake, ana jin yana tafiya.

"Salamu alaikum, ya aiki, ya yara. Na leƙa ƙungiyarka na ga tana nutsewa, sai na ɗan gyara maka. Tsohon nan na sallame shi, na ɗauko maka wani yaro da yake wuta yanzu, kafin wani ya riga mu. Na san bayanan suna yi maka yawa. Kar ka damu, ina sa ido."

Na saurara, na sake saurara. Bayanan suna yi mini yawa. Yaushe ya tambaye ni? Mutum ya shiga ɗakinka babu sallama ya sauya maka wurin gado, sannan ya tsaya a ƙofa yana jiran godiya. Kuma na yi godiyar, wannan shi ya fi ci mini rai. Na danna na ce, "To Yaya, na gode, Allah ya saka da alheri." Bakina ya saba hanyar, bai jira ni ba. Na kifar da wayar a kujerar gefe, ranar ko rediyo ban kunna ba.

Washegari Likita ya ɗauke mai gemu. Ya turo murya yana dariya: "Direba, na tsinci fasinjanka a bakin titi. Yana bencina, ina ba shi shayi."

Daga nan abin ya zama na kullum. Da safe in zauna in karanta, in jera 'yan wasana, kafin rana ta take in duba in ga an sauya. Wanda na zaunar ya tashi, wanda na tayar ya zauna. Wata rana ma ina riƙe da wayar, ina tsakiyar karanta bayanin wani mai jifa, sunansa ya zame daga ƙarƙashin yatsana ya koma benci. Yaya yana can bayan kanta tsakanin mai sayen magani da mai sayen magani, ya gama abin da ni ban kai rabinsa ba. Abin haushi kuma, ƙungiyar ta fara hawa. Yaron nan mai dogon suna yana bugu kamar an aiko shi. Daga ta tara muka koma ta shida, sannan ta uku. Bayan sallar Juma'a 'yan gasar suna miƙo mini hannu, wani injiniya a cikinsu yana cewa ashe direba ɓoye kansa yake yi. Yaya yana gefe yana murmushi, ya bar mini yabon. Na karɓi hannayen ina ji kamar na fito da rigar wani, kuma mai rigar yana tsaye yana kallo.

Na daina karanta bayanan. Ban yi niyya ba, kawai na ga na koma rediyo, wayar tana aljihu. Me zan karanta? Kafin in kai ƙarshen layi na biyu an riga an yanke. Malama ta lura. Ta tambaye ni ina kalmomina na wannan makon, na ce babu. Ta ce ko 'yan wasana duk sun warke ne, na ce ban duba ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da darasi. A ranar ko littafin aji da na saba wucewa sai na ga ina tuntuɓe a ciki.

Na fara da matata. Tana yanka albasa na ce mata ta yi wa yayanta magana ya bar mini ƙungiyata.

"Wace ƙungiya?"

"Ta waya."

Ta ajiye wuƙar. "Maigida, mutanen nan fa ba naka ba ne. Ko a hanya ka gamu da su ba su san ka ba."

"Na sani."

"Kuma an ce yanzu kai ne na uku. Da kana na tara. So kake ka tsaya gashin nama a gaban matan likitoci?"

"In gashin ne, ni na jawo wa kaina."

"Yaya ne fa. Wanda ya tsaya mana a komai. In je in ce masa mijina ya ce ka cire hannu, a kan wasan waya? Ni bakina ba zai iya ba." Ta sake ɗaukar wuƙar. "Ka yi haƙuri mana, kai da aka sani da haƙuri."

Wannan maganar ta ƙona ni. Haƙurin da na sani shi ne in zaɓi abu in jira shi, ko zai yi wata guda bai motsa ba. Wanda suke nema a wurina daban ne, shi ne in zauna a yi mini, in ce na gode.

A wurinmu magana mai nauyi ba a kai wa yayan mata ita baki da baki, sai a nemi babba ya kai. Akwai wani dattijo a Takoma Park, mutumin garinmu, shi muke kai wa duk abin da ya shafi iyali, kowa Baba yake ce masa. Na je ranar hutuna da goro da ledar lemo. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan na shiga bayani. Na daɗe ina yi.

Baba ya ɗaga hannu. "Tsaya. Su waɗannan ma'aikatan naka, a gidanka suke ci?"

"A'a, Baba."

"Shi wanda aka kora, ya rasa abincinsa?"

"A'a, yana can yana wasansa. Bai ma san an kore shi ba."

"To wa aka cuta?"

Na ce ni. Na yi ƙoƙarin faɗa masa zancen karatun, yadda nake bin layi da yatsa, yadda yanzu babu dalilin bi. Ya gyaɗa kai a hankali yana ɓare goro, ya ce ya gane, in bar masa, zai san yadda zai sa maganar ba tare da an ɓata zumunci ba.

Ya kuwa san yadda ya sa ta. Daga baya na ji yadda aka yi. Baba ya fara da alherin Yaya tun daga ranar da muka sauka a filin jirgi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mijin ƙanwarka ba mai mantuwa ba ne, har wasan nan da kake taimaka masa ya zo takanas ya faɗa mini. Can a ƙarshe, yana neman takalminsa, ya ce sai dai a riƙa yi ana shawara da shi. Wannan ita ce duk ƙarar da na kai, an naɗe ta a cikin yabo har ba a jin ta.

Yaya ya kira ni da yamma, muryarsa cike da jin daɗi. "Haba, har sai ka tayar da Baba don ka gode mini? Ai mu ɗaya ne. Af, tunda an ce a riƙa shawara, ga shawara: na ba injiniya mai jifanka na hannun hagu, na karɓo maka masu bugu biyu. Ya riga ya wuce. Za ka ga aiki."

Mai jifan nan na hagu shi ne ɗan wasa na farko da na ɗauka ba don na ji sunansa a rediyo ba, sai don na karanta bayaninsa na gane.

Na ce to. Na kashe wayar na fita, na yi ta zagaya gininmu ta cikin ciyawa da wurin ajiye motoci har ƙafata ta gaji. Wani maƙwabci yana yawo da karensa ya tambaye ni ko motsa jiki na fara.

A aji na gaba na roƙi malama ta nuna mini yadda ake buɗe imel. Ta jawo kujera kusa da ni, na yi da kaina, kusan duk lokacin ajin a kansa ya tafi. Na dawo gida da niyyar in canza kalmar sirrin ƙungiyar shiru, ba tare da na haɗa ido da kowa ba. Na bi a hankali ina karanta duk abin da ya fito, har na kai inda aka ce an tura lamba. Na jira lambar, ba ta zo ba. Kira ne ya shigo, Yaya.

"Ka ga amfanin sa ido? Wani ɓarawo yana ƙoƙarin shiga ƙungiyarka, yanzu saƙo ya zo mini. Kar ka taɓa komai. Na canza kalmar, na ƙara mata ƙarfi. Ranar Lahadi zan shigar maka a wayarka."

Har Lahadin ƙungiyata tana kulle, ina waje. In na danna manhajar sai ta nemi kalmar da ban sani ba. Sai dai in ji a rediyo cewa wane ya buga, in tambayi kaina ko har yanzu nawa ne.

Makon da ya biyo baya Yaya zai tafi taron masu magani a wani gari, matata ta ce in kai shi filin jirgi da motarmu. Na ɗauke shi a College Park da rana. Muna hawa babban titin Beltway muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya har inda ido ya kai. Ana wasan rana a rediyo. Yaya ya ciro wayarsa, na gani ta gefen ido, ƙungiyata ce a buɗe, babban yatsansa yana yawo a kan sunayen.

Na rage rediyon. A mota ba sai na dube shi ba, titi nake kallo, wannan ne ya taimake ni.

"Yaya, ɓarawon nan ni ne."

Ya ɗago. "Wane ɓarawo?"

"Wanda ya so ya canza kalmar sirri. Ni ne. Kuma Baba ba godiya na aike shi ba. Ƙara na kai."

Motar gabanmu ta matsa kaɗan, na bi ta.

"Ƙarata? Me na yi maka?"

"Ka sallamar mini ɗan wasa."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Tsohon nan? Je ka duba shi a bencin Likita, har yau bai buga abin kirki ba. Gaskiyata ce ta fito."

"Na sani. Gaskiyarka ce. Amma ni nake so in gaji da shi in sallame shi. Ko in ƙi, in nutse da shi."

"Don Allah ji wata magana. Na ɗauke ka daga ta tara na kai ka ta uku."

"Kai ka je ta uku, Yaya. Kana da ƙungiya biyu. Ni ba ni da ko ɗaya."

Muryata ta fito da ƙarfin da ban taɓa yi masa ba. Na faɗa masa na daina karatu. Na faɗa masa layi uku ba ya yi mini yawa, lokaci kawai yake ci, lokacin kuma nawa ne, a bakin tasha nake zaune ko na karanta ko ban karanta ba. Na ce shekara da shekaru yana karanta mini, ban manta ba, ba kuma zan manta ba, amma wannan shi ne abu ɗaya da na fara da hannuna, shi ma an karɓe, kuma ana so in yi murna.

Ya juya yana kallon tagarsa. Da ya yi magana muryarsa ta koma irin wadda yake yi wa baƙi a kanti.

"Ban san taimako ya zama laifi ba. Kana da imel yanzu ke nan?"

"Ina da shi."

"Faɗa mini."

Na faɗa masa a hankali, yana dannawa. Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Shi ke nan, ta koma hannunka. Takardun asibiti fa, da na makarantar yara? Su ma ka iya?"

Na san da zafi ya faɗa. Na ce, "Zan fara. Wadda ta fi ƙarfina zan kawo, in ka yarda."

Ya mayar da wayarsa aljihu. Muka isa filin jirgi. Na fito zan ɗauko masa jaka, ya riga ni, ya ce in bar shi, ya iya.

Labari ya riga ni isa gida. Matata ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba ta zama. Baba ya aiko a kira ni, ya ce abin da na yi ba tarbiyyarmu ba ce, in je in ba da haƙuri. Na saurare shi kaina a ƙasa, amma ban je na ba da haƙurin ba. Na nemi abin da na yi ba daidai ba na rasa, in ban da ɗaga murya, ita kuwa da ban ɗaga ba da har yau ina cewa to.

Ƙungiyar ta fara gangarowa. A makon farko na bar wani mai jifa a fili alhali an kwantar da shi saboda ciwo, domin na karanta bayanin na fahimce shi a juye. Likita bai bari ya wuce ba: "Direba, ashe da can kwandasta ne yake tuƙin." Maganar ta yi mini zafi, don ba ƙarya ya yi ba. Na kai wa malama layin, muka warware shi tare. Na nemi Likita ya mayar mini da mai gemu, ya ce sai in ba shi yaron nan mai dogon suna. Na zauna na karanta bayanan su biyun, na juya, na sake juyawa, na ƙi. Yaron ya fi shi a yanzu, ko ina so ko ba na so. Duk lokacin da ya yi bugu mai kyau sai haushi ya taso mini in tuna wanda ya kawo shi, amma yana nan a fili, ni na bar shi.

Da Yaya ya dawo muka je College Park da yara ranar Lahadi kamar yadda muka saba. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi aiki, ya yi zancen cunkoson hanya da zafin da ya fara sauka. Besbol bai fito daga bakinsa ba, ni ma ban kawo ba. Bai ce ya yi kuskure ba, ban ce na yi ba. Da muka tashi tafiya ya rako mu har mota, ya tsaya yana wasa da makullin gidansa.

"Kana ta bakwai," ya ce.

"Na gani."

"Ɗaya daga cikin masu bugunka yana da ciwo a gwiwa."

"Na karanta. An ce gobe zai gwada ƙafar. Zan jira."

Ya buɗe baki zai ba ni shawara, sai ya fasa. Ya leƙa baya ya ce wa yara su ɗaura bel, sannan ya matsa ya ba ni hanya.